Kare ya gaje ɗakin ƴaƴa

Kwanan baya aka kawo mini wata takarda a biro domin in juya ta daga faransanci zuwa hausa. Takarda ce a kan ciwon haukan kare da allurar rigakafinsa. Aiki yana tafiya daidai har na iso ga wata kalma, sai na ajiye alƙalami: «animal de compagnie». Na san ma'anarta sarai, amma na rasa takwararta cikin harshenmu. In na ce dabbar gida, manomi zai ga akuya da tunkiya. In na ce dabbar kiwo, zai tambaye ni nawa take yi ranar kasuwa. A wurinmu kowace dabba da aikinta: jaki ya ɗauki kaya, kyanwa ta kama kusu, kare ya yi tsaro ko farauta. Ita kuwa wannan dabba ba ta da wani aiki sai zama tare da mutum. Daga ƙarshe na rubuta «dabbar ɗebe kewa».

Kalmar nan ta tuna mini da wani gida inda na zauna wata uku a ƙasar Faransa cikin shekara ta 2018, sa'ad da aka aike ni ƙaro ilimin fassara. Masu gidan tsofaffi ne, miji da mata, dukansu sun ajiye aiki. Shi ya yi aikin jirgin ƙasa, ita kuwa malamar lakkol ce. Allah ya ba su ƴaƴa uku, duk sun girma: ɗaya yana Paris, ɗaya tana Lyon, autan yana Kanada. Wanda ya rage musu cikin gida shi ne wani ɗan kare fari, mai gashi kamar auduga, wanda girmansa bai wuce na ɗan akuya ba.

Ranar da na sauka, na nufi wata kujera mai taushi kusa da taga zan zauna. Sai uwar gida ta yi murmushi, ta ce: «Mushe, yi haƙuri, wannan tasa ce.» Na waiwaya ina neman mai gida, ashe kare take nufi. Daga nan na soma karatu. Karen yana kwana cikin ɗakin da babbar ƴarsu ta tashi a ciki, bisa gadonta. Yana da riga ta sanyi da riga ta ruwan sama. Ana ba shi abinci kafin mu zauna cin namu, in kuwa ya ƙi ci sai hankalin gida ya tashi, a yi ta lallashi, a gasa masa hanta. In tana yi masa magana, «mama» take kiran kanta. Wata rana na raka ta inda ake yi wa karnuka wanka da aski, ta biya Yuro 50, watau wajen jikka 33 na kuɗinmu. A wannan shekara albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke a Nijar tamma 30 047 ne a wata. Na yi lissafin nan cikin zuciyata, ban ce kome ba. Abin da na roƙa kawai shi ne a bar ni in riƙa rufe ƙofar ɗakina, saboda karen ya ga tabarmar sallata ta yi masa daɗin kwanciya.

Dariya na yi ta yi a ɓoye, har ranar wata Lahadi da babban ɗansu ya zo daga Paris da matarsa da ɗansu mai shekara huɗu. Uwar ta kwana biyu tana shiri. An zauna cin abinci, yaron ya miƙa hannu zai taɓa kare, kare ya yi gurnani ya kai masa cizo, Allah ya kiyaye bai same shi ba. Yaro ya fashe da kuka. Kakar ta yi wuf ta ɗauki kare ta rungume, ta ce yaron ne ya tsorata shi, ai shi bai saba da hayaniya ba. Ɗan ya ce a fitar da kare waje har a gama cin abinci. Ta ce nan gidansa ne, ba za a kore shi saboda baƙi ba. Baƙi! Kalmar ta fito ba ta shirya ba, kowa kuma ya ji ta. Ba a yi faɗa ba, ba a ɗaga murya ba. Amma kafin la'asar sun shiga motarsu sun tafi, alhali da niyyar kwana suka zo.

Da dare mai gida ya same ni a madafa. Ban tambaye shi ba, shi ya soma magana. Ya ce: «Ka ga, ƴaƴa suna zuwa sau uku ko huɗu a shekara. Shi kuwa kullum na buɗe ƙofa sai ya yi murna, ko burodi na fita saye.» Tun daga wannan dare dariyata ta ƙare.

Gidan nan ba shi kaɗai ba ne. Ƙidayar da masu sana'ar abincin dabbobi suka sa aka yi a shekara ta 2022 ta nuna karnuka wajen miliyan 7 da rabi a Faransa, kyanwoyi kuma kusan miliyan 15. Abin ba na yau ba ne: tun 1899 aka buɗe maƙabartar karnuka a Asnières, kusa da Paris, inda ake kafa musu duwatsu masu rubutu kamar na mutane. A 2015 majalisar dokokinsu ta gyara babban kundin dokokin zaman jama'a, ta rubuta cewa dabba halitta ce mai rai mai jin zafi, ko da yake a wajen ciniki da gado ana bi da ita kamar dukiya. Ban ga laifin wannan ba. Cikin kundin nan dai akwai wata tsohuwar doka, mai lamba 205, wadda ta wajabta wa ƴaƴa ciyar da iyayensu in suna cikin buƙata. To, doka tana iya tilasta wa ɗa ya biya kuɗi. Ba ta iya tilasta masa ya zo ya zauna a yi hira.

Abin da ya faru a watan Agusta na 2003 ya nuna haka. An yi wani matsanancin zafi a Faransa, mutum wajen 15 000 suka rasu, yawancinsu tsofaffi, da dama cikin ɗakunansu su kaɗai. Ranar 3 ga Satumba aka binne gawa 57 a maƙabartar Thiais, waɗanda babu wani dangi da ya zo nemansu. Shugaban ƙasa na lokacin, Jacques Chirac, shi ya tsaya musu. Wata ƙungiyar taimakon tsofaffi, Les Petits Frères des Pauvres, ta ƙiyasta a 2017 cewa mutum 300 000 masu shekara 60 zuwa sama ba su ganin kusan kowa, ba dangi, ba aboki, ba maƙwabci. A 2021 ta ce sun kai 530 000. Wanda ya san wannan, in ya ga tsohuwa tana tura kare cikin keken jarirai, ba zai yi saurin cewa ta haukace ba.

A watan Janairu na 2022 marigayi Paparoma François ya soki ma'auratan da suke ƙin haihuwa suna kiwon kare da kyanwa a madadin ƴaƴa, ya ce akwai son kai a ciki. Maganar ta tada ƙura a Turai. Amma masu masaukina ba su ƙi haihuwa ba. Sun haifa, sun rena, sun ilmantar, sun aurar. Karen ya shigo ne bayan ɗaki ya zama wofi.

Mai saurin hukunci zai ce laifin ƴaƴa ne, sun yar da iyayensu. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Na zauna da mutanen nan, na ga ɗaya rabin. Zama da babban ɗa yana da wuya. Yana da matarsa, yana da ra'ayinsa, yana renon ɗansa yadda ba ka so, ka faɗi magana ya ce ba haka ba. Kare kuwa ba ya girma. Shekara goma sha biyar zai yi yana jariri: a ba shi ya ci, a kira shi ya zo, a tsawata masa ya kwanta. Ba ya auro wadda ba a so, ba ya tuna maka kuskuren da ka yi masa yana yaro. Uwar gidan nan ta iya renon ƙaramin yaro ƙwarai, shekara talatin tana yi a lakkol. Abin da ba ta koya ba shi ne yadda ake zama da ɗa mai shekara arba'in. Sai ta koma ga abin da ta iya. Ɗan kuma da ya ga an fifita kare a kan jika, sai ya sami hujjar rage zuwa. Kowa ya ja baya taku ɗaya, kare ya shige tsakani.

Kada wani ya ɗauka ina ƙin kare ne. Malamanmu suna karantar da mu labarin mutumin da Allah ya gafarta wa domin ya shayar da kare mai ƙishirwa. Mafarautanmu sun san darajar karen kirki. Buzayen Azawak, a arewacin Tawa, suna da wani dogon kare siriri mai gudun barewa, suna girmama shi, yana kwana gefen tanti. Tun cikin shekarun 1970 Turawa suka soma kai irinsa ƙasashensu, yau ana sayar da shi can da tsada da sunan «azawakh». In ma laifi ne, namu ya karkata ta ɗaya gefen: jifa da dutse, da barin kare ba allura. Hukumar lafiya ta duniya ta ce haukan kare yana kashe mutum wajen 59 000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, yara ne da yawa cikinsu. Wanda ya ajiye kare, ya ciyar da shi, ya kai shi wurin lokotoron dabbobi. Wannan hakkinsa ne, bai kuma kai ga ba shi gadon ƴa ba.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna taƙama cewa mu ba mu san kaɗaici ba, tun da macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa wajen shida. Amma yawan ƴaƴa ba shi ne yawan masu zama kusa ba. Ku je ƙauyukan Adar bayan an gama girbi, ku ƙirga samarin da suka rage. Sun tafi Abijan, sun tafi Ikko, sun tafi Libiya. Dā cin rani ne, ana komowa da ruwan farko. Yanzu wani sai ya shekara biyar. Ku dubi kuma gidajen manyan ma'aikata a Yamai, masu dogayen katangu: ɗa yana karatu a Dakar, ƴa tana Maroko, wani ya sami aiki a Kanada ba shi da ranar dawowa. Cikin gida sai alhaji da hajiya da mai gadi, da wani ƙaton kare a ɗaure bakin ƙofa. Yau tsaro yake yi.

Kuɗi suna zuwa, ba a musu. Dā manda ake aikowa ta gidan waya, yanzu cikin minti kaɗan kamfanonin aika kuɗi sun kai su har ƙauye. Murya ma tana zuwa ta WhatsApp. Na ga tsofaffin mata suna kwana da salula ƙarƙashin matashi, suna sake sauraren saƙo ɗaya sau goma. Kakanninmu suna da maganin wannan kewa: riƙo. In ƴaƴa suka watse, sai a ba kaka jika ɗaya, ya ɗebo mata ruwa, ta yi masa tatsuniya, su yi ta wasan kaka da jika. Mu ma'aikata mu ne muka fara janye ƴaƴanmu, muna cewa lakkol ɗin ƙauye ba ta da kyau, kaka tana sangarta yaro. Wataƙila muna da gaskiya. Amma mun ɗauke abu ba mu ajiye kome a gurbinsa ba. Ko hutun lakkol na damina, wata uku cur, da yawanmu ba mu aika yara gida.

Iyaye ma akwai abin da ya rataya a kansu. Uban da yake son ɗa mai gemu ya riƙa yi masa biyayya irin ta ɗan shekara bakwai, ya zaɓa masa mata, ya ƙirga masa albashi, ya kunyata shi gaban iyalinsa, shi da kansa yake nesanta shi. Ɗan ba zai yi musu ba, tarbiyya ta hana. Zai dai nemi a kai shi aiki wani gari, ya riƙa aiko da kuɗi. Na san gidaje irin wannan a Maraɗi da Damagaram, kowa kuma ya san nasa. Ladabi wajibi ne a kan ɗa har abada, amma babban ɗa abokin shawara ne, a tambaye shi, a saurare shi, wani lokaci a bar masa gaskiyarsa.

Ranar da zan bar Faransa, mai gidan nan ya kai ni tashar jirgin ƙasa, kare yana zaune a kujerar gaba, ni ina baya da akwatina. A hanya ya tambaye ni mutum nawa suke cin abincin dare a gidan mahaifina. Na ƙirga da yatsu, na ce goma sha huɗu. Ya yi shiru har muka wuce mararraba biyu, sa'an nan ya ce mahaifina mai arziki ne. Na ce haka ne. Ban gaya masa ba cewa ban sa kaina cikin lissafin ba. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, kwana ɗaya a mota, kuma a lokacin wata goma sha ɗaya ke nan rabona da gida.