Wasiƙa a Buɗe zuwa ga Masu Gyaran Kwamfuta: Sukurun da Kansa Ya Cinye



Wannan wasiƙa nasiha ce ga masu sauya wa kwamfutar tafi-da-gidanka ma'ajiyar bayanai, musamman irin ta SSD mai siffar M.2, wato siririn allon nan mai faɗin milimita 22 wanda galibi tsawonsa milimita 80 ne, kuma sukuru ɗaya tak, mai kaurin milimita 2, ke riƙe da shi. Ana cewa kan sukuru ya cinye idan ramin da bakin sukudireba ke shiga ya lalace, har ƙarfen ya riƙa juyawa ba ya kama komai.

Yawancin wannan ɓarna daga zaɓen sukudireba take faruwa. Ƙananan sukurori masu kan gicciye sukan buƙaci lamba PH0 ko PH00, wasu kwamfutocin Japan na ɗauke da sukurun JIS wanda ya yi kama da Phillips alhali yankan raminsa daban ne, su kuma kwamfutocin MacBook da ake iya cire ma'ajiyarsu Torx T5 mai kan tauraro ke kwance ta. Saboda haka wajibi ne mai gyara ya tabbatar bakin ya zauna daram kafin ya juya, ya kuma dakata da zarar ya ji zamewa ta farko, domin kowane juyi bayan wannan ƙara cinye ramin yake yi.

Idan abin ya riga ya auku, sai a cire caja, a raba batir da babban allon kwamfutar, sannan a bi dabaru daga mafi sauƙi. Da farko a shimfiɗa robar ɗaure kuɗi a kan sukurun, a danna sukudireba sosai a miƙe, a juya hagu a hankali. In hakan bai yi ba kuma kan ya ɗan fito, ƙaramar filaya na iya kama gefensa. Wasu sukurorin kamfani kan shafa wa haƙoransu wani shuɗin manne don kada su kwance, kuma ɗora bakin ƙarfen narka dalma a kansu na ɗan lokaci yakan sassauta shi. Yanka sabon layi a kan sukurun ko huda shi da inji su ne matakin ƙarshe, kuma ba a yin su sai an rufe allon duka, domin ɓurɓushin ƙarfe guda na iya haɗa layukan wuta ya kashe kwamfutar.

Babban haɗarin yana ƙarƙashin sukurun, inda ɗan ginshiƙin da yake shiga yakan zama an liƙe shi da dalma a jikin allon, ta yadda ƙarfin tuwo zai iya tumɓuke shi tare da layukan tagullar da ke kewaye. Sukurun da aka ciro kuwa ba a mayar da shi, sabo mai girma ɗaya ake sawa, a ɗaure shi daidai kima.

Kwamfuta da bayanan da ke cikinta amana ce a hannun mai gyara. Don haka ana kira ga iyayen gida a wannan sana'a da su tanadi cikakken jerin sukudirebobi masu kyau, su koya wa yaransu haƙuri tun kafin gudun hannu, su kuma sanar da mai kaya gaskiyar halin da ake ciki kafin a kai ga huda.

Allah Ya sa albarka a sana'a.