Sabo Turken Wawa: Dalilin da Ya Sa Na Sauya Burauza

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin wannan mako ina da magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta, waɗanda yanzu yawancin aikinsu ya koma kan kwamfuta da waya. Maganar kuwa a kan burauza ce, watau manhajar nan da mutum ke buɗewa in zai shiga intanet, ko don ya karanta labari, ko ya aika da wasiƙa, ko ya duba ajiyarsa ta banki. Ni a ganina matsayinta daidai yake da na zaure a gida, gama duk mai shigowa ta nan zai bi, da baƙon kirki da ɓarawo.

Shekara da shekaru ina aiki da wata burauza wadda na tarar cikin kwamfutata tun ran da na saye ta. Masu ita sun sanar cewa sun daina gyara ta, sanarwar ta yi ta fitowa a gabana, ni kuwa ina kawar da ita, ina cewa ai abin da ke aiki ba a taɓa shi. Ashe gaskiyar mutanen dā ne da suka ce sabo turken wawa.

Ran nan sai ga wasiƙa ta imel, wai za a rufe akwatina in ban tabbatar da kalmar sirrina ba kafin gobe. Na danna adireshin da ke ciki, shafi ya buɗe, kamarsa ɗaya da wanda na sani, na rubuta abin da aka nema, na tashi na tafi masallaci. Kashegari da hantsi wani aminina, wanda muka yi makaranta tare, ya kira ni murya na rawa, ya ce, "Malam, yaya jikin? Kuɗin sun iso?" Na ce, "Wane jiki? Waɗanne kuɗi?" Ashe cikin dare an rubuta wa mutanena duka da sunana, wai ina kwance asibiti ina neman taimako. Bawan Allah nan ya kwashi kuɗin da ya tanada don takin gona ya aika wa ɓarayi. Na biya shi a hankali, amma kunyar har yau ba ta sake ni ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da na kai wasiƙar wurin wani yaro abokin aikinmu, ya danna adireshin nan a tasa kwamfutar, sai fuskarta ta yi ja wur, da gargaɗi cewa shafin na mayaudara ne. Tasa burauzar tana karɓar jerin sunayen miyagun shafuka a kai a kai, tawa kuwa ta daɗe da yin barci. Laifin nawa ne, tun da an faɗa mini na ƙi ji.

To, jama'a, ga yadda abin yake. Burauza aikin hannun ɗan Adam ce, ba ta rasa kafa. Masu ɓarna kullum suna laluben kafar, masu ita kuma suna bi suna toshewa, sa'an nan su aiko da gyaran ta intanet bayan 'yan makonni. Wannan shi ake kira sabuntawa, kuma daidai yake da yaɓen katanga kafin damina. Ran da mai yaɓe ya ajiye aiki, ko da katangar tana tsaye, kwananta ƙidayayyu ne.

Kada wani ya ce wannan tsoro ne irin na tsofaffi. Kamfanin Microsoft ya fito da Internet Explorer a 1995, har ta kai, a farkon shekarun 2000, cikin mutum goma masu shiga intanet tara da ita suke shiga. A watan Janairu na 2010 kamfanin Google ya bayyana cewa an kutsa cikin kwamfutocinsa, aka kuma gano an yi amfani da wata kafa ta burauzar nan, har hukumomin Jamus da Faransa suka shawarci mutanensu su koma wata kafin a toshe. A watan Afrilu na 2014 hukumar Amurka ta ba da irin wannan shawara sabo da wata kafar dabam. Daga baya Microsoft da kansa ya ajiye ta ran 15 ga Yuni, 2022, ya ce a koma Edge. In maginin gida ya ce a fita, mai haya ba shi da ta cewa.

Wacce za a koma? Akwai Chrome ta Google, wadda ta fito a 2008, da Edge, da Opera, da Brave, waɗanda duka a kan harsashi ɗaya aka gina su, mai suna Chromium. Akwai Safari ga masu kayan Apple. Akwai kuma Firefox, ta Mozilla, wadda ta fito a 2004 da harsashinta na kanta. Ni Firefox na zaɓa, domin tana tare 'yan leƙen asirin masu talla, waɗanda ke bin mutum daga shafi zuwa shafi suna rubuta abin da ya duba. Amma ban ce dole kowa ya bi ni ba. Sharaɗin guda ne: a zaɓi wadda masu ita ke kan gyara ta, a kuma bar ta ta riƙa sabunta kanta.

Abin da ya hana ni tashi dā shi ne tsoron wahalar ƙaura, ashe ba ta kai tafasar ruwan shayi ba. Da na sa sabuwar, ita da kanta ta tambaye ni ko ta kwaso alamomin shafukana da sauran kayana daga tsohuwar, na ce i, nan da nan ta kwaso. Na sa ta a waya kuma, yanzu shafin da na fara karantawa a ofis ina ƙarasa shi a gida. Tana kuma riƙe mini kalmomin sirri, ta cika su da kanta, kuma ba ta cikawa sai a adireshin gaskiya. In na ga ta ƙi cikawa, sai in tsaya in duba adireshin harafi harafi.

Sai dai akwai abubuwan lura. Na farko, kada a ɗauko burauza sai daga shafin masu ita, ko daga rumbun manhajoji na waya, gama akwai jabu. Na biyu, kada a ajiye kalmar sirri a kwamfutar da mutane da yawa ke taɓawa, kamar ta ofis ko ta shagon buga takardu. Na uku, sabuwar ƙofa ba ta tsayuwa a ruɓaɓɓen bango: Microsoft ya daina gyaran Windows 7 a Janairu 2020, Chrome kuma ta daina sabuntawa a kanta a farkon 2023, sabo da haka mai irin wannan kwamfuta sai ya fara da ita tukuna. Na huɗu, 'yan'uwa masu son Opera Mini don tsimin data su sani cewa, in an sa ta a matuƙar tsimi, shafin yana bi ta kwamfutocin kamfanin a matse shi kafin ya iso. Wannan ya yi kyau ga karatun labarai, amma harkar banki gara a yi ta ta manhajar bankin. Na biyar, a sa wa imel kariya ta biyu, watau lambar da ake aikowa waya, domin ko ɓarawo ya sami kalmar sirri ya tarar da wata ƙofar a kulle.

Duk da haka kada mu ɗora wa burauza aikin da yake namu. Jerin miyagun shafukan nan ba ya sanin wanda aka buɗe da safiyar yau. Duk wasiƙar da ta zo da gaggawa tana neman kalmar sirri, a ɗauke ta ta ɓarawo ce. Malamai kuma, don Allah a gaya wa almajirai da iyayen yara, domin ba kowa ke karanta jarida ba. Gemuna ya riga ya kama wuta, saura ku shafa wa naku ruwa tun yau.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu da mutuncinmu, amin. Haza wassalam.

Ni ne naku,
Tsohon Akawu.