Kafin a yi wa rumfar mota filasta

A gidaje da yawa na Legas, Ibadan da Fatakwal, da zarar maigida ya fita da mota, rumfar ta zama ta kowa. Nan yara ke wasa, nan uwargida ke shanya idan ana ruwa, nan ake shimfiɗa tabarma ranar suna. Don haka filastar da ke saman rumfar ta shafi lafiyar gida.

Filasta mai kaurin milimita 12, a faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, nauyinta ya kai kusan kilo 25, wato rabin buhun siminti. Idan ko da ɓangarenta ya ɓalle ya faɗo kan yaro, zai iya fasa masa kai.

Me ke sa ta faɗo? Na farko, kankare mai santsi ko mai ƙura, ko wanda man katakon zubi ya taɓa, ba ya riƙe siminti. Ka ce wa birkila ya sassare fuskar, ya wanke, ya jiƙa, ya watsa siminti mai ruwa-ruwa ya bar shi ya kama kafin yaɓen. Na biyu, kwaɓi: kwanon sarki ɗaya na siminti, uku ko huɗu na tankaɗaɗɗen yashi, kuma kada a cika kauri. Na uku, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7, don filastar da ta bushe da gaggawa tsagewa take yi.

Mazauna bakin teku, ku guji yashi mai gishiri. Gishiri da danshi suna sa rodi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta ture kankaren. In ka ga jan tabo ko ɗigon ruwa, a fara gyara yoyon daga sama, kuma injiniya ya duba rodin. Rufe shi da sabuwar filasta ɓoye ciwo ne kawai. Haka ma POP ba ya jure laima, bai dace da buɗaɗɗiyar rumfa ba.

Sai lafiyar masu aikin. Jiƙaƙƙen siminti yana ƙona fata, kuma mai yaɓen sama fuskarsa na kallon abin da ke zubowa. A ba shi tabarau, safar hannu da takunkumi, ya tsaya kan katako mai ƙarfi maimakon durom ko kujera. Idan siminti ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20 ba tare da murzawa ba, sannan a tafi asibiti. Uwargida, ki rufe tagogi, ki nisanta yara da masu asma daga ƙurar, a yayyafa ruwa kafin shara.

In tsohon silin na asbesto ne, kada a fasa shi ko a yanka. Ƙurarsa na haddasa sankarar huhu, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. A nemi ƙwararru su cire shi.

Bayan an gama, kada a bar mota ko janareta a kunne a rumfar da aka toshe gefunanta. Hayaƙinsu na ɗauke da wata guba marar wari wadda ke kisa cikin barci.

A wannan makon, ɗauki sanda ka ƙwanƙwasa silin rumfarka a hankali, kana tsaye daga gefe. Inda ya yi ƙara kamar ganga, filastar ta rabu da kankare. Kawar da yara daga wurin, ka kira birkila.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.