Yaya, Zane Ma Karatu Ne



Makon jiya na sauko daga aikin dare na tarar da ɗiyar yayana a ƙofar ɗakina, ido ya kumbura. Tun daga Kawo ta shigo Keke Napep don ta kawo ƙarar babanta. Lokacin cike fom ɗin JAMB ya matso, ita tana son karanta zane da ƙira a Jami'ar Ahmadu Bello, shi kuma ya ce ko aikin jinya ko haɗa magunguna, in ba haka ba ta haƙura. Da na kira shi sai ya ce, "Ke fa nas ce, faɗa mata gaskiya. Zane karatu ne?"

To Yaya, ga gaskiyar, kuma daga wajen aikina zan ɗauko ta.

Akwai wani siririn ma'auni da muke zagaya wa damtsen yaro don gane tamowa. Kala uku gare shi: kore, rawaya, ja. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba, minti biyar ya ishe ta ta koyi aiki da shi, kuma in ta ga ja ba sai an ce mata ta garzayo asibiti ba. Haka wani kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro, an zana rana an zana wata, don a san na safe da na dare. Likita ya san adadin maganin, amma wanda ya isar da saƙon har cikin ɗakin uwa mai zane ne.

Na kuma ga abin da ke faruwa idan aka ba wanda bai iya ba. Mun taɓa samun wata fosta ta haɗa ruwan gishiri da sukari, an zana cokalin gishirin ƙato kamar ludayi. Wata baiwar Allah ta tsaya tana kallo, ta tambaye ni ko da cokalin miya ake aunawa. Gabana ya faɗi, don gishiri in ya yi yawa a jikin yaro mai gudawa, illa ce babba. A ranar na ciro takardar daga bango.

Abin da yarinyar nan take nema kuwa ba sabon abu ba ne a Zariya. Tun 1955 aka mayar da sashen zane daga Ibadan zuwa can, kafin ma a kafa jami'ar a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su zauna suna kwaikwayon Turawa kawai ba, za su haɗa abin da aka koya musu da fasahar gidajensu. Duk wanda zai rubuta tarihin zanen zamani a Najeriya sai ya biyo ta kansu. Yau sashen yana tsangaya ɗaya da masu karanta tsara gine-gine da tsara birane. Akwai masu fenti da sassaƙa, akwai masu tarihin fasaha, akwai masu koyon yadda ake koyar da zane a makaranta. Kusa da su ga sashen ƙirar masana'antu, inda ake karanta tsara yadi, aikin yumɓu da tangaram, da tsara hoto da rubutu na ɗab'i.

Na san abin da ke zuciyar Yaya wanda bai furta ba: maganar surar abu mai rai. Wannan ba hurumina ba ne, a tambayi malamai. Abin da zan ce kawai shi ne, mai tsara atamfa ko kofin shayi ko alamun da ke nuna hanyar ɗakin haihuwa ba gunki yake sassaƙawa ba. Kakanninmu da suka yi aska takwas a gaban riga, suka ƙawata bangon gidajen birnin Zazzau, su ma wannan aikin suka yi. A ciro naira 20 a juya bayanta: Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. Ba ta yi boko ba, amma jami'ar nan ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Sai dai ita ma yarinyar ban sakar mata mara ba. Na ce mata kayan aiki na cin kuɗi, fenti da takarda da kwamfuta mai ƙarfi, kuma yawanci daga aljihun gida za su fito. Masaƙun Kakuri da a da suke ɗibar masu tsara yadi sun daɗe da yin shiru. Babu wanda zai jira ta da takardar ɗaukar aiki ranar da ta gama. In za ta shiga, ta shiga da niyyar iya sana'a da hannunta, ta iya kwamfuta, ta kuma riƙe ɓangaren koyarwa da kyau, don makarantunmu da yawa darasin zane a jadawali kawai yake. Ni kaina a firamare, abin da ake kira aikin hannu shi ne a ce kowa ya kawo tsintsiya.

Shi kuwa Yaya na tambaye shi ko ya taɓa shiga Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu. Shekara da shekaru yana wucewa ta gabansa in zai tafi kasuwa, bai taɓa leƙawa ba. Tun 1975 yake buɗe, kuma a ciki akwai kayan yumɓu na Nok, daga kudancin jiharmu, da suka haura shekara dubu biyu. Wani ne ke kula da su, wani ke tsara yadda za a jera su, wani ke yi wa 'yan makaranta bayani, kuma duk karatu aka yi kafin a iya.

Bai ce ya amince ba. Ya dai yarda ranar Asabar mu je mu uku, da sharaɗin ni zan biya kuɗin shiga. Fom ɗin kuma yana nan ba a cike ba tukuna.