In Kuɗin Makaranta Sun Ragu, A Ina A Ke Fara Yanka?

Kowace shekara in kaka ta yi, manoma na cikin sussukar gero da yankan shinkafa, a lokacin ne a ke zaman tsara kasafin kuɗi a Dutse. Gwamna ya kai tsarinsa gaban Majalisa, a karanta a rediyo, jama'a su ji an ce an ba ilmi biliyan kaza, su ce madalla, sa'an nan kowa ya koma harkarsa. Abin da ba a karantawa a rediyo shi ne abin da ke faruwa bayan wata shida, in kuɗin da a ka yi tsammani ba su shigo ba, ko kuwa sun shigo amma ba su isa sayen abin da a ka kiyasta ba. A nan ne a ke rage wa makarantu rabonsu. To, wa ke ragewa, a ina ya ke fara yanka, wa kuma ya ke shawarta? Wannan ita ce maganar da mu ke so mu duba, kuma za mu ɗauki ƙasar Kafin Hausa ta zama mana ma'auni.

Ba don wani laifi mu ka zaɓe ta ba. Gari ne da ke da jami'a tun 2013, watau Jami'ar Sule Lamido, kuma Malam Umar Namadi, wanda ya hau kujerar Gwamna a 2023, ɗan garin ne. In akwai inda ba za a ce an manta da shi ba, to, nan ne. Amma fa makarantar firamare ta Zago ko ta Mezan ba rijiya ɗaya ta ke sha da jami'a ba, kuma wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba.

Ga yadda kuɗin su ke tafiya. A kowane wata a kan raba abin da ya taru a asusun Tarayya: Gwamnatin Tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Tsarin Mulki na 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin ilmin firamare, saboda haka daga rabonsu a ke cire albashin malaman firamare. Ban da wannan, akwai dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don taimakon jihohi, bisa sharaɗin jiha ta ajiye daidai abin da za ta karɓa. Waɗannan kuɗi na Abuja yawancinsu na gina ajujuwa ne da sayen benci da littattafai. Ba a biyan albashi da su. Watau dai mai gina aji daban, mai biyan wanda zai tsaya a gaban allo daban. Shi ya sa matafiyi kan ga aji sabo fil a bakin hanya, an shafa masa fenti, ya leƙa ya tarar da yara su kaɗai.

Tun da ya ke rabon ƙaramar hukuma daga Abuja ya ke zuwa, kuma a shekarun nan kan man fetur a ka fi dogara, duk abin da ya taɓa kasuwar mai sai ya iso Kafin Hausa. A tsakiyar 2014 gangar mai ta haura dala 100, a Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Jihohi da yawa su ka kasa biyan ma'aikata, har Gwamnatin Tarayya ta ba su rance a 2015. Jigawa, a gaskiya, tana cikin waɗanda a ka san su da biyan albashi a kan kari ko a wancan lokaci, kuma tsimin da Gwamna Badaru ya yi ne ya sa a ka laƙaba masa Mai Kalkuleta. A 2020 annobar korona ta sa jihohi su ka sake zama su ka rage kasafinsu. Bayan an janye tallafin mai a Mayun 2023 kuwa sai ragin ya zo da wata siffa. Nairorin da a ke rabawa sun ƙaru ƙwarai, amma tsadar kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, mafi ƙarancin albashi kuma ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a shekarar. Kasafin da ya kumbura a takarda yana iya zama ya rame a kasuwa. Mai sayen siminti da kwano ya san haka ba sai an gaya masa ba.

Yanzu mu zo kan yankan kansa. A irin wannan hali ba wanda ke tashi a majalisa ya ce a rufe makaranta kaza, ko a kori malami kaza. Da a ce haka a ke yi, da jama'a sun ji, da sun yi magana. Abin da a ke yi shi ne a bar abu ya mutu da kansa. A ɗauki misalin makaranta mai aji shida da malamai takwas. Bana biyu su ka yi ritaya, ba a ɗauki kowa ba. Baɗi ɗaya ya rasu, ɗaya ya sami aiki a birni, nan ma shiru. Ga shi an rage rabin malaman makarantar, alhali kuwa ba takardar da za a nuna a ce ga wanda ya sa hannu. Hedimasta ya haɗa aji ɗaya da aji biyu a ɗaki guda, shi kansa ya ɗauki aji shida, in an kira shi ofis kuwa ranar nan aji shida sun huta. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Wanda ya taɓa shiga ajin ƙauye ya san nisan da ke tsakanin wannan da abin da idonsa ya gani.

Bayan malamai sai kuɗin alli da rajista, sai kuɗin man babur na masu duba makarantu. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi arha, shi ne kuma rashinsa ya fi tsada, domin makarantar da a ka yi wata uku ba wanda ya leƙa ta, ba a san ko tana buɗewa ba.

Mu da mu ke horad da malamai mu ne mu ka fi ganin ɓarnar irin wannan tsimi. Aji, in an sami kuɗi, ɗan kwangila ya gina shi cikin rani guda. Malami kuwa shekara uku ya ke yi a kwaleji kafin ya sami takardar NCE, ya kuma ƙara wasu shekaru a hannun tsofaffin malamai kafin hannunsa ya faɗa. In a ka yi shekara biyar ba a ɗauki sababbi ba, tsofaffi su tafi ba su bar wa kowa abin da su ka sani ba, samari kuma su daina sha'awar shiga kwalejin tun da sun ga yayyensu na zaune da takarda a gida. Shirin J-Teach da Jigawa ta fito da shi, na ɗaukar malaman wucin gadi, da kuma mayar da dubbai daga cikinsu ma'aikatan dindindin da Gwamnatin Namadi ta yi, abin yabo ne. Amma shi kansa shirin shaida ne cewa giɓi ya riga ya buɗe, kuma yaron da ya wuce aji ɗaya zuwa uku a cikin giɓin nan bai iya karatu ba, ba kasafin da zai mayar masa da shekarunsa.

Ba yau a ka fara ba. A zamanin En'e, makarantun elementare na ƙasar Haɗeja suna hannun En'e ne, Gwamnatin Jihar Arewa tana taimakawa, sauran kuma daga haraji da jangali. Ba mu ce zamanin ya fi ba, makarantun kaɗan ne ainun, kuma kowa ya san irin wuyar da talaka ya sha a hannun masu karɓar haraji. Sai dai wanda ya biya ya san kuɗinsa ne. A 1976 a ka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa da kuɗin mai, a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda Kafin Hausa ke ciki a lokacin. Jama'a su ka sami sauƙi, amma daga nan makaranta ta zama ta gwamnati, ba ta gari ba. Da mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, malamai su ka yi watanni ba albashi a wurare da yawa. A 1988 a ka kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa don ta tsare albashin, a 1991 a ka rushe ta a ka miƙa komai ga ƙananan hukumomi, abin ya rikice da yajin aiki, a 1993 tilas a ka dawo da ita. Tsofaffin malamai ba su manta da waɗannan shekaru biyu ba.

Shi ya sa hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ran 11 ga Yuli 2024 ya sa wasu murna, ya sa wasu fargaba. Kotu ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, kuma sai zaɓaɓɓun shugabanni ne za a ba. Ƙungiyar malamai ta ƙasa ta daɗe tana roƙon kada a bar albashin firamare a hannun ciyamomi. Fargabarsu ba ta banza ba ce: a 2025 malaman firamare na yankin Abuja sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki, daga Maris zuwa Yuli, a kan sabon albashin da majalisun yankunan ba su biya ba. In haka ta faru a bakin fadar Shugaban Ƙasa, ina ga ƙauyen da in damina ta yi sai da kwalekwale?

Duk da haka ba mu ga cewa maganin shi ne a ɓoye wa jama'a lissafi a Dutse maimakon a ɓoye shi a sakatariya ba. A Amurka, a Jihar New York, akwai wata al'ada da ta cancanci a sani. A yawancin gundumomin makaranta, a kowace ranar Talata ta uku a watan Mayu mazauna wurin kan jefa ƙuri'a a kan kasafin makarantunsu. Bayan karayar arziki ta 2008 jihar ta rage abin da ta ke ba su, sai hukumomin makarantu su ka fito fili su ka ce ga malaman da za a rage, ga wasannin da za a daina, ko kuwa a ƙara harajin gidaje. A 2011 a ka yi dokar da ta ce in ƙarin harajin zai wuce wani iyaka, sai kashi 60 cikin 100 na masu ƙuri'a sun yarda. Tsarin yana da aibinsa, domin gundumar masu arziki ta kan fi ta matalauta makarantu masu kyau. Ba kuma za mu iya kwafarsa ba, tun da su kuɗin aljihunsu su ke yi wa ƙuri'a, mu kuwa rabo mu ke jira. Abin ɗauka a ciki ɗaya ne: a can a kan faɗi abin da za a yanka kafin a yanka shi.

Muna da kayan aikin yin haka ba tare da sabuwar doka ba. Kafin Hausa tana da mazaɓu 11, kowace da kansilanta. Makarantu suna da kwamitocin gudanarwa na iyaye da dagatai da limamai da mata, waɗanda a ka sha wahalar kafawa da horarwa. Me zai hana a farkon kowane zango sakataren ilmi ya lissafa wa kowace makaranta yawan yaranta, da yawan malaman da a ke biya da sunanta, da waɗanda za su yi ritaya a shekarar, da abin da a ka ware mata na alli da gyara, a manna a ƙofar ofishin hedimasta, a kuma karanta a gaban kwamiti da Hausa? Takarda ɗaya ce. In an ce malamai bakwai, iyaye na ganin huɗu, to, tambaya ta samu, kansila kuma ya sami aikin yi. An saba a Jigawa a kai kasafin ƙananan hukumomi 27 gaban Majalisar Jiha tare da na Jiha. Ba laifi, amma ya kamata kafin ya kama hanyar Dutse a fara jin sa a Bulangu da Sarawa.

In kuwa ragi ya zama tilas, ra'ayinmu shi ne a fara da sabon gini, da katanga, da motoci, da tarurrukan otal. Gurbin malamin da ya yi ritaya kada a taɓa shi, musamman a aji ɗaya zuwa uku. Mun san wannan ba zai yi wa kowa daɗi ba, domin gini a kan yanka masa zare a ɗauki hoto, malami kuwa ba a yanka masa kome.

Akwai kuma wani gini da ba ya jiran shekarar yalwa. Ƙasar nan a kwarin kogin Haɗeja ta ke. In ruwa ya yi yawa a madatsun Tiga da Challawa, ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa, sai ambaliya ta biyo gonaki da gidaje, kamar yadda a ka gani a 2020 da 2022, lokacin da Kafin Hausa na cikin wuraren da su ka sha wuya. A irin wannan lokaci makaranta ce masaukin waɗanda gidajensu su ka rushe. In sun tashi, su kan bar benci a karye, daɓe a farfashe, masai a cike, ba don mugunta ba sai don larura. Kuɗin agaji na abinci ne da tabarmi, ba a cika tunawa da ajin da ya ba da masauki ba. Ƙananan hukumomin kwari, irin su Kafin Hausa da Auyo da Miga, ya kamata kasafinsu ya zama da kan gyaran makarantu bayan ruwa a kowace shekara, a ajiye kuɗin tun watan Yuni, a kuma rubuta cewa ba a karkatar da su zuwa wani aiki sai an ga ƙarshen Oktoba.