Haƙorin Yaro Daga Cikin Mahaifa Yake Fara Ginuwa

Idan aka ga yaro ɗan shekara uku haƙoransa sun yi rawaya-rawaya, sun fara ɓarɓashewa, hukuncin da akan yanke a gida guda ɗaya ne: alawa ta yi yawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin sukari shi ne abincin ƙwayoyin cutar da ke huda haƙori. Sai dai ina ganin mun makara wajen neman asalin matsalar, domin ginin haƙori yana somawa tun kafin a haifi mai shi.

Tushen haƙoran yarinta yana bayyana tun ciki yana da kimanin mako 6, kuma daga wajen wata na huɗu farin ɓawon da ke lulluɓe haƙori yake fara ƙarfi. Kayan wannan gini, wato sinadaran kalsiyam da fosfaras, daga jinin uwa suke zuwa, kuma hanjin uwa ba ya tsotse su yadda ya kamata sai da bitamin D. Abin lura shi ne, wannan ɓawo ba ya sabunta kansa kamar fata ko ƙashi. In ya ginu da rauni, haka haƙorin zai tsiro, da tabo ko rami, ya zama wurin da ruɓewa za ta samu saukin kamawa.

Tun wajen 1918 May Mellanby ta Ingila ta nuna cewa 'yan kwikwiyon da aka ba man hantar kifi sun fi fitar da haƙora masu kyau. Hujjar da ta fi gamsar da ni kuwa daga Danmak ta fito a 2019. An raba mata masu juna biyu sama da 600 gida biyu tun daga mako na 24, aka ƙara wa kashi ɗaya bitamin D fiye da abin da aka saba bayarwa. Da 'ya'yansu suka kai shekara 6, sai aka tarar lahanin ɓawon haƙori ya ragu da kusan rabi a wajen waɗanda iyayensu suka samu ƙarin. Amma binciken bai ga bambanci a yawan kogon haƙori ba, kuma masu tallar ƙwayoyin bitamin ba su cika faɗar wannan ɓangaren ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan damuwar mutanen ƙasashen sanyi ce, mu da rana ke dukanmu shekara zagaye. A nan nake da ja. Rana ba ta amfanar jiki don kawai tana sama. Sai haskenta ya sauka a kan fata kafin jiki ya sarrafa bitamin D. Baƙar fata tana buƙatar lokaci mai tsawo fiye da fara. Tufafi suna tare wannan haske, gilashin taga ma haka, hazon hunturu kuma yana rage shi. A gidanmu na gargajiya, matar da ke kulle tana da tsakar gida: nan take daka, nan take wanki da shanya, hantsi yana taɓa hannuwanta da fuskarta ba tare da ta taka ƙofar zaure ba. Yanzu birane sun cika da gidajen haya ciki da falo da benaye marasa tsakar gida, inda mai ciki kan wuni a ɗaki labule a sauke. Tsarin ginin ne ya canza, ba mu kuwa tambayi abin da ya tafi da shi ba.

Duk da haka, ba na goyon bayan a mayar da bitamin D maganin komai. A 1999 an wallafa wani bincike da aka yi a Jos kan yara masu laushin ƙashi da lanƙwasar ƙafa, inda aka gano cewa ba su kalsiyam ya fi warkar da su a kan bitamin D shi kaɗai. Ma'ana, abincin da ya dogara ga tuwon masara ko na dawa, babu nono, yana iya barin ƙashi da haƙori cikin yunwa ko da rana ta wadata. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ba da shawarar a riƙa bai wa kowace mai ciki ƙwayar bitamin D ba, sai wadda aka ga alamar ƙarancinsa a jikinta, kuma shan sa fiye da kima yana da illa.

Abin da nake kira gare shi bai fi ƙarfin kowa ba. Ungozomar da ke awon ciki ta saka haƙoran jariri a cikin jawabinta, ta tambayi mai ciki ko tana samun hantsi, ko tana samun nono, ƙwai, kifi mai maiƙo da ƙananan kifayen da ake ci da ƙayarsu. Maigida kuma ya san cewa kindirmon da zai sayo wa matarsa yana cikin hidimar ɗan da ke tafe. Kada a ce ai yaro zai yi famfara: turamen dindindin na farko, waɗanda ke fitowa a shekara 6, suna fara ƙarfi ne daidai lokacin haihuwa, kuma babu wasu da za su maye gurbinsu.