Kafin Ka Zuba Kuɗin Sallamarka A Shuɗin Dutse

Tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, duk mai 'yan kuɗi a hannu a garin nan na Kaduna ya shiga neman inda zai adana su kada su narke. Wasu sun sayi fili a Rigachikun, wasu sun koma sayen Dala, mata kuma suka ƙara damƙe gwal ɗinsu. Yanzu wata magana ta shigo majalisun Unguwar Rimi da Malali da Kawo, wai a sayi dutse mai daraja a ajiye. Sai ka ga an zaro 'yar takarda a naɗe daga aljihu, an warware, ga 'yan duwatsu shuɗɗa ko koraye, ana haska su da tocilan ɗin waya ana cewa, "Alhaji, wannan daga Mambila ya zo, a Bankok da Dala ake sayensa." Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne waɗanda ake yi wa wannan tallar galibi dattawa ne da suka karɓi kuɗin sallama bayan shekaru talatin da biyar na aikin gwamnati, kuma ba su da wasu bayan waɗannan.

Dutsen akwai shi, wannan ba ƙarya ba ne. A ƙaramar hukumar Jama'a, wajen Nisama da Gidan Waya, ana samun shuɗin yaƙutu wanda 'yan kasuwa ke kira safaya, kuma tun a shekarun 1980 masana duwatsu na Turai suke rubutu a kansa. A Gwantu ta ƙaramar hukumar Sanga akwai zumurrudu da akwamarin, haka ma a Nasarawa Eggon. Wajen 2014 tsaunin Mambila a Taraba ya cika da masu haƙa saboda wani safaya mai haske da aka samu kusa da Nguroje. A 2001 an gano tomalin mai sinadarin tagulla a yammacin ƙasar nan, irin wanda ya yi suna a Paraiba ta Brazil. Allah ya yi mana wannan arziki. Abin da nake musu a kai shi ne a ce wa ɗan fansho dutse wurin ajiyar kuɗi ne irin gwal.

Matar da ta matsu ta ɗauki sarƙarta zuwa wurin 'yan gwal a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, za a gwada, a ɗora a sikeli, a cire kuɗin aiki, a biya ta kafin la'asar. Farashin giram ɗaya sananne ne, yana bin na duniya, ko a waya za ta iya dubawa. Dutse ba shi da irin wannan farashi. Da karat ake auna shi, karat biyar ne giram ɗaya, amma nauyin bai gaya maka komai ba tukuna. Safaya biyu masu karat guda guda, ɗaya na iya ninka ɗaya sau ɗari a kuɗi, kuma idon da bai koya ba zai ce duk shuɗɗa ne.

Launi ne kan gaba. Safayan Jama'a daga duwatsun tsohon aman wuta ya fito, akwai sinadarin ƙarfe da yawa a jikinsa, shi ya sa akasarinsa ke da duhu, wani har ya ja zuwa baƙi ko ya ɗan yi kore idan an juya shi. Kasuwa kuwa shuɗi mai rai take so, irin na Siri Lanka da na Kashmir. Tocilan ɗin waya yana ratsa dutse mai duhu ya nuna shuɗin da ba za ka ƙara gani ba idan an ɗora shi a zobe, don haka mai saye na gaskiya da hasken rana yake dubawa. Koren dutsen Gwantu kuma an daɗe ana gardama a kansa a kasuwannin duniya, ko zumurrudu ne ko kuwa koren beril kawai, saboda korensa bai cika kauri ba. Asalin ma'adinin ɗaya ne, yawan sinadarin da ya rina shi ne ya bambanta, amma tsakanin sunayen biyu akwai tazarar kuɗi mai yawa. Wanda ya saya da sunan farko aka karɓa a hannunsa da na biyu, ya yi asara ko da babu wanda ya yi niyyar cutarsa.

Sai maganar jabu, wadda ta fi tsufa fiye da yadda ake zato. A 1902 wani Bafaranshe mai suna Auguste Verneuil ya bayyana hanyar narka hoda da wuta a ƙera yaƙutu a masana'anta. Abin da ke fitowa ba kwalba ba ne. Sinadarinsa da taurinsa daidai suke da na haƙa, sai dai araha ne ƙwarai. A wuraren haƙar duwatsu na Afirka da Asiya an san dabarar fasa irin wannan, a goge kaifinsa, a cuɗa shi da laka, a kai shi bakin rami a sayar wa baƙo. Saboda haka cewa "a gabana aka fito da shi" ba hujja ba ce. Gwajin da mutanenmu suka dogara da shi, na karta gilashi, shi ma ba ya raba gardama. A ma'aunin tauri na Mohs daimon ne na 10, yaƙutu 9, tofaz 8, farin dutsen kwaz 7, gilashi kuwa bai kai 6 ba. Kusan kowane ɗayansu zai karce gilashi, har da yaƙutun masana'anta. Mai gane shi sai wanda ya sa madubin ƙara girma ya hango lanƙwasassun layuka da ƙwayoyin iska a cikinsa.

Ko dutsen na gaske ne, saura tambayar me aka yi masa. Yawancin safayan da ke kasuwar duniya an gasa shi a wuta mai tsananin zafi don launinsa ya gyaru, sana'ar da garin Chanthaburi na Tailan ya shahara da ita. Zumurrudu ana ɗura masa mai ya ɓoye tsaga. Jan yaƙutu marar kyau ana cike ramukansa da narkakken gilashi. Kasuwa ta yarda da wasu daga cikin waɗannan muddin an faɗa, amma farashin wanda ba a taɓa ba daban yake. Takardar shaida daga ɗakin gwaji irin GIA na Amurka ko SSEF na Suwizalan tana faɗin wane dutse ne da abin da aka yi masa, ana kuma iya tantance lambarta a intanet. Ba ta faɗin nawa za a saya.

Ɗanyen dutse kuma, wanda shi aka fi kawo mana, sayensa cinikin biri a sama ne ga wanda bai iya ba. Wajen yanka da gogewa sau da yawa kashi biyu cikin uku na nauyinsa ko fiye yana tafiya a ƙura, tsagar da ba a gani ba tana iya raba shi biyu a kan injin.

Masu cewa dutse ba ya faɗuwa su dubi daimon. A 2018 kamfanin De Beers da kansa ya fara sayar da daimon na masana'anta da sunan Lightbox a kan Dala 800 kowane karat. Farashin irin wannan ya yi ta zubewa har kamfanin ya sanar da rufe Lightbox a 2025, na haƙa ma ya ji jiki. Duwatsun da ake jin an yi gwanjonsu da miliyoyin Dala a Janeba 'yan ƙalilan ne da babu irinsu, ba su ne ke yawo a naɗe a takarda ba.

Ranar sayarwa ce ranar gaskiya. Wa zai saya a Kaduna? Sai ka koma wurin dillalan da suka sayar maka, ko ka nufi Jos ko Ibadan, inda fatake daga Mali da Gini da Senegal suka daɗe da riƙe cinikin. Ba na ganin laifinsu. Sun yi shekaru suna koyo, suna da 'yan uwa a Bankok da ke gaya musu abin da kasuwa ke so a wannan makon. Kai da ka zo a matse da dutse ɗaya, farashin da suka yanka shi za ka karɓa. Ga kuma doka: tsarin mulki ya damƙa ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta lasisi ga mai saye da ajiye su, fitar da su waje ma sai da izini. Ta fuskar addini, jumhurun malamai ba su ɗora zakka a kan jauharin ado ba, amma wanda aka saya don a sayar kayan kasuwanci ne, hukuncinsa daban, sai a tambayi malami. Ɓoye aibin kaya kuwa haramun ne, ko gasawa ce ko ɗura mai.

Duk da haka ba na cewa a guji harkar. Abin da ke ci mini rai shi ne yaron da ke shiga rami a Jama'a ko Sanga, ba kariya, ƙasa na iya rufta masa, ya sayar da abin da ya samu a kuɗin abincin mako, a yanka shi a Jaipur ta Indiya ko a Tailan, ribar ta zauna can. Gurbin da ke buƙatar cikewa a jihar nan shi ne na gwaji da yanka. Mai Naira miliyan biyu da ke sha'awar dutse, gara ya tura ɗansa ko 'yarsa koyo a Cibiyar Nazarin Haƙar Ma'adinai da ke Jos, ya saya masa madubi da sikeli da na'urar auna haske da ƙaramin injin yanka, ya fara da duwatsu masu araha irin ametis da tofaz, waɗanda kuskure a kansu ba ya karya mutum.

Kayan aikin hukuma ma muna da su. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada tana da sashen injiniyan ma'adinai, Hukumar Binciken Ƙasa ta tarayya tana da ɗakin gwaje-gwaje a garin nan, jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen ilimin duwatsu, gwamnatin jiha kuma tana da kamfaninta na ma'adinai. Ina roƙon su haɗa kai su buɗe kwas na wata shida a kan gane dutse da yanka shi, a ware gurabe ga 'ya'yan masu haƙa daga Jama'a da Sanga. Sannan a samar da teburin gwaji a cikin gari, inda mutum zai biya kuɗi kaɗan a ba shi takarda mai faɗin sunan dutsensa da nauyinsa, da ko na haƙa ne ko na masana'anta, bisa sharaɗin mai gwajin ba ya saye ba ya dillanci. Ana iya fara gwada shi da rumfa ɗaya a baje kolin ƙasa da ƙasa da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KADCCIMA ke shiryawa kowace shekara a hanyar Zariya, a ga yawan waɗanda za su zo da tasu takardar a naɗe.